Alfarwa ta Sujada: Mece Ce Ita, Kuma Me Kayan Cikinta Ke Nufi ga Kirista?

Duk wanda ya saba zama a coci ya sha jin mai wa'azi yana ambaton Wuri Mafi Tsarki, ko akwatin alkawari, ko labulen da ya tsage. Duka tushensu ɗaya ne: alfarwa ta sujada, wato tantin ibada da Isra'ilawa suka kafa a jeji bayan fitowarsu daga Masar, bisa fasalin da aka nuna wa Musa a Dutsen Sinai. Bayaninta ya cinye kusan duka surori 25 zuwa 40 na Littafin Fitowa, kuma Bezalel na kabilar Yahuza da Oholiyab na kabilar Dan su ne suka jagoranci aikin.

Abin da zai taimaka wa mai karatu shi ne ya lura da yadda aka jera kayan. Ba a zuba su barkatai ba. Daga ƙofa zuwa ciki, masu izinin wucewa raguwa suke yi, ƙarfen ma canjawa yake yi daga tagulla zuwa zinariya.

Farfajiyar tana da tsawon kamu 100, faɗi kamu 50, ƙofa ɗaya tak ta gabas. Abin da ke fara tarbar mai shiga shi ne bagaden ƙona hadaya, na itacen ƙirya da aka dalaye da tagulla, mai ƙaho a kowace kusurwa. Bayansa sai daron wanke hannu da ƙafa na firistoci, wanda aka ƙera da madubin tagulla na matan da ke hidima a ƙofar alfarwa. Iyakar wanda ba firist ba ke nan. Kirista na ganin gicciye a bagaden, wasu kuma na danganta daron da baftisma.

Tantin kansa ɗaki biyu ne, labule ya raba su. Ɗakin farko, Wuri Mai Tsarki, na firistoci ne kaɗai. A arewa akwai tebur mai gurasa 12, daidai da kabilun Isra'ila, da ake sauyawa kowane Asabar. A kudu akwai alkukin zinariya tsantsa mai fitilu bakwai. Daf da labule kuma ga ƙaramin bagaden da ake ƙona turare safe da yamma. Masu wa'azi kan haɗa gurasar da maganar Yesu cewa shi ne gurasar rai (Yahaya 6:35), alkukin da maganarsa cewa shi ne hasken duniya (Yahaya 8:12). Na turaren ya fi ƙarfi, domin Zabura 141:2 da Wahayin Yahaya 8 sun haɗa hayaƙinsa da addu'a kai tsaye. Ko a Haikalin Urushalima, wanda ya maye gurbin alfarwar daga baya, wannan hidimar ce Zakariya, mahaifin Yahaya Mai Baftisma, ke yi lokacin da mala'ika ya bayyana masa.

Sai bayan labule. Nan ne maganar take.

Abu ɗaya ne a Wuri Mafi Tsarki: akwatin alkawari, tsawonsa kamu biyu da rabi, faɗi da tsayi kamu ɗaya da rabi, an dalaye shi da zinariya ciki da waje. A cikinsa akwai allunan dutse biyu na Doka. Ibraniyawa 9:4 ta ƙara da tukunyar manna, abincin da Isra'ilawa suka ci a jeji, da sandar Haruna da ta toho. A kan murfinsa siffofin kerubobi biyu, wato halittun sama masu fikafikai, na fuskantar juna, fikafikansu a buɗe. Babu mai shiga sai babban firist, shi ma sau ɗaya a shekara, Ranar Kafara, riƙe da jini da kaskon turare, kamar yadda Littafin Firistoci sura 16 ya tsara. Zai fara yin kafara don kansa kafin ya yi don jama'a. Dokar da mutane suka karya tana cikin akwati, jinin kuma a kan murfi ake yayyafa shi, tsakaninta da Allah.

A kan wannan ne wasiƙar Ibraniyawa ta gina hujjarta: hadayar da ake maimaitawa duk shekara ba ta gama aiki ba, da ta gama ai da an daina. Almasihu kuwa ya shiga gaban Allah sau ɗaya da jinin kansa. Shi ya sa Matiyu, Markus da Luka duka suka rubuta cewa labulen Haikali ya tsage a ranar mutuwarsa, biyun farko har suka ce daga sama zuwa ƙasa. Wani abin lura: cikin duk kayan nan babu kujerar firist. Ibraniyawa 10 ta ce firist kullum a tsaye yake yana hidima, amma Almasihu da ya miƙa hadayarsa sai ya zauna.

A nawa ganin, masu neman ma'anar ɓoye a kowane turke da kowace igiya suna wuce gona da iri. Marubucin Ibraniyawa kansa ya lissafa kayan, ya ce ba zai shiga bayaninsu ɗaya-ɗaya ba, ya wuce zuwa ga labule da jini.

Ina kayan suke yau? Akwatin dai labarinsa ya yanke tun kafin ko lokacin da Babilawa suka rushe Haikalin Sulemanu wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, har Wuri Mafi Tsarki na Haikali na biyu, wanda aka gina bayan haka, ya zauna wayam. Alƙur'ani ma ya ambace shi, a Suratul Baƙara aya ta 248, cikin ƙissar Ɗaluta. Cocin Orthodox ta Habasha na cewa yana hannunta a garin Aksum, amma mai tsaronsa kaɗai ke ganin abin da ke wurin. Alkuki da teburin Haikali na biyu kuwa, sojojin Titus, jagoran yaƙin Romawa, ne suka kwashe su zuwa Roma bayan sun ci Urushalima a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, kuma hoton ganimar na nan a sassaƙe a jikin ƙofar nasarar da aka gina masa a birnin.