Ɗaukaka Ƙara da Rufe Kundin Shari'a a Manyan Laifuka

Ɗaukaka ƙara ita ce hanyar da wanda bai gamsu da hukunci ba ke bi ya kai kukansa kotun gaba, shi kuma rufe kundin shari'a umarni ne da alƙali ke bayarwa a ɓoye wani sashe na shaidu ko takardu daga idon jama'a. Tafiyarsu ɗaya, don kotun gaba yawanci ba ta sake kiran shaidu, abin da aka rubuta a kotun ƙasa shi take karantawa ta yanke hukunci a kai.

A Kaduna in shari'a ta taso daga kotun majistare sai ta hau Babbar Kotun Jiha, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara mai reshe a nan garin, ƙarshe Kotun Ƙoli a Abuja. Doka ta ba da kwana 90 a ɗaukaka hukuncin laifi daga Babbar Kotu, kwana 30 kuma in Kotun Ƙoli za a je, wanda ya makara sai lauyansa ya roƙi ƙarin lokaci ya kawo dalili. Sashe na 36(7) na tsarin mulkin 1999 ya ce a ba wanda aka yi wa shari'a kwafin hukunci cikin kwana 7. Amma haɗa kundin kansa shi ke cin rai, sai an buga bayanan da alƙali ya rubuta, an haɗo takardun shaida, magatakarda ya sa hannu ya buga hatimi, to dangi kullum suna rajistara suna tambaya ana cewa a dawo wani sati, shi kuwa mutumin yana gidan yari.

Misalin da kowa ya sani shi ne na Manjo Hamza Al-Mustapha, kotun Legas ta yanke masa hukuncin kisa a Janairun 2012 kan kisan Kudirat Abiola, a Yulin 2013 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta duba shaidun da ke kundin ta wanke shi. Akwai kuma Nasiru Bello na jihar Oyo da aka zartar masa da hukuncin kisa alhali ƙarar da ya ɗaukaka na gaban kotu, a 1986 Kotun Ƙoli ta ce kisan ya saɓa doka.

Asali dai shari'ar laifi a fili ake yin ta, haka sashe na 36(4) ya tanada, sai dai ya ba alƙali damar fitar da 'yan kallo saboda tsaron ƙasa, zaman lafiya, tarbiyya, ko in akwai yaro ƙasa da shekara 18. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, sashe na 232, ta yarda a shari'ar ta'addanci ko fyaɗe shaida ya yi magana a bayan labule ko ta bidiyo, a sa haruffa maimakon sunansa. Wannan kam daidai ne, ba wanda zai so a tona yarinyar da aka zalunta ko a jefa ran shaida cikin haɗari.

Shari'ar Sheikh Ibrahim Zakzaky da matarsa Zeenat ta nuna ɗaya ɓangaren. An kama su a Disambar 2015 bayan rikicin sojoji da mabiyansa a Zariya, aka gurfanar da su a Babbar Kotun Kaduna a 2018, ranar zama jami'an tsaro su tare hanyoyin kotun, 'yan jarida na waje suna jiran lauyoyi su fito su faɗa musu abin da aka yi ciki. Gwamnati ta kawo shaidu 15, ranar 28 ga Yulin 2021 Mai Shari'a Gideon Kurada ya sallame su ya ce ba a kafa hujja a kansu da har za ta sa sai sun kare kansu ba, gwamnatin jiha ta ce za ta ɗaukaka ƙara. Matsalar ita ce mutanen gari ba su ji shaidun da kunnensu ba, kowa bakin lauyan da ya yarda da shi ya ɗauka, shi ya sa har yau in zancen ya taso sai gardama.

Ita kotun gaba ba a rufe mata komai, alƙalanta na ganin kundin duka. Jama'a ake rufe wa, don haka ya kamata alƙali ya ɓoye iya abin da ya zama dole kamar suna da adireshin shaida, ya rubuta dalilinsa, sauran a bar wa mai son karantawa ya nemi kwafi.