Haɗa sautin na'urar kallo ta zamani da tsohuwar amfilifaya

Wannan aiki ne na ɗauko murya daga talabijin ta zamani, ko dikoda, ko akwatin kallo na intanet, a kai ta ga amfilifaya da lasifikokin da aka ƙera tun kafin zuwan HDMI, wato wayar zamani da ke ɗaukar hoto da sauti tare. Ana cin karo da buƙatar a gidajen Hausawa mazauna Makka, Madina da Jidda, inda ba wuya a tarar da amfilifayar Sansui, Pioneer ko Technics ta zamanin kaset, ta gado ko wadda aka tsinto a kasuwar gwanjo irin Harajin Sawarik na Jidda. Talabijin ta yanzu siririya ce, lasifikarta ba ta da cikin da murya za ta yi nauyi. Duk wanda ya saurari Tarawihin Harami ta manyan lasifikokin katako ya san abin da ake asara idan aka jingine su a ɗakin ajiya.

Tushen matsalar ɗaya ne. Tsohuwar amfilifaya sautin analog kawai ta sani, wato lantarki mai hawa da sauka daidai da yadda murya ke yi. Na'urorin yanzu kuwa lambobi suke aikawa. Dole wani abu ya tsaya tsakani ya yi tafinta, ko a cikin na'urar ko a wajenta.

Idan akwai ja da fari

Ramukan RCA, waɗanda kamfanin Amurka mai wannan suna ya yaɗa tun shekarun 1940, su ne hanya mafi sauƙi: ja na dama, fari na hagu, rawaya na hoto ne. In dikoda tana da su, magana ta ƙare. Ramin abin sawa a kunne mai faɗin milimita 3.5 shi ma yana yi, da waya mai kai ɗaya a can, ja da fari a nan. A lura dai, ja da farin da ke bayan talabijin da yawa na shigar da sauti ne, ba na fitarwa ba.

A bayan amfilifaya sai a zaɓi AUX, CD ko TAPE IN. Kada a kuskura a jona a PHONO. An yi wannan ramin ne don allurar faifan garmaho, wadda siginarta ba ta wuce 'yan milibolt ba, alhali na'urar CD kan kai bolt 2. Sauti zai fito a dagule, ga ƙugi, kuma yana iya lahanta lasifika.

Wayar haske

Talabijin da dama ba su da ja da fari na fitarwa, sai wani ɗan rami mai kusurwa da jan haske ke leƙowa daga cikinsa. Shi ne TOSLINK, wanda Toshiba ya fito da shi a 1983. Ana haɗa shi ta wayar haske da wani ɗan akwati da ake kira DAC, bai fi kwalin ashana biyu ba, yana cin wuta ta USB, yana mayar da lambobi analog. Sabuwar wayar haske kan zo da 'yar hular roba a kowane baki. An sha ganin mutum yana ta turawa ta ƙi shiga, ashe hular ce bai cire ba.

Nan ne aka fi shan wahala. Galibin akwatunan masu araha PCM kaɗai suke ganewa, sauti mai hanya biyu da ba a matse ba. Idan tashar ko manhajar ta turo Dolby Digital, wato matsattsen sauti mai hanyoyi da yawa irin na silima, sai a ji shiru ko wata ƙara mai huda kunne. Shi ya sa maigida zai ce wata tasha tana yi, wata ba ta yi, har ya ɗauki akwatin ya mayar wa mai shago. Akwatin lafiyarsa ƙalau. A shiga saitin sauti na talabijin, a sauya daga Auto ko Bitstream zuwa PCM. Wannan ɗan saitin ya cancanci a gwada shi kafin a kashe ko riyal ɗaya. Sai dai ramin haske yakan fitar da sauti a mataki guda, don haka rimot ɗin talabijin ba ya ƙara murya. Sai a tashi a murza maɓallin amfilifaya.

HDMI zalla

HDMI ya fito a 2002, kuma wasu na'urori ba su da wani ramin fitar da sauti sai shi, kamar Apple TV tun daga samfurin 2015. A nan ana sa akwatin da ke zare sauti daga HDMI ya bar hoto ya wuce. Akwai kuma mai aiki da ARC, tsarin da ya zo da HDMI 1.4 a 2009, wanda ke dawo da sautin talabijin ta waya guda. Amma waya zalla mai kan HDMI a gefe ɗaya da ja da fari a ɗayan, ba akwati ba wuta, ba ta juya lambobi zuwa analog, don haka ba ta aiki. Bluetooth kuma yakan jinkirta murya har baki ya riga magana. Ya fi dacewa da sauraron tafsiri fiye da kallo.

Wuta da gurnani

Saudiyya ta daɗe da wuta iri biyu, bolt 127 da 220, kafin a yanke shawarar komawa 230 a 2010. Tsohuwar amfilifaya tana iya kasancewa an saita ta a kan ƙaramar wuta, sai a duba maɓallin zaɓen bolt a bayanta kafin a jona.  Idan ana jin gurnani ƙasa-ƙasa ko da ba a kunna komai ba, sau da yawa ta wayar dish yake shigowa. A zare ta a saurara. In ya ɗauke, sai a jona kayan duka a soket ɗaya, ko a koma wayar haske, tunda ita ba ƙarfe a cikinta balle lantarki ya bi.