Kare ƙananan yara a gidajen raino lokacin annoba

Gidan raino wuri ne da iyaye ke barin jarirai da yaran da ba su isa shiga makaranta ba, a kula da su har a tashi daga aiki ko kasuwa. A Legas, inda cunkoson ababen hawa ke sa mutum fita tun da asuba ya dawo bayan magariba, iyalai da dama, har da na Hausawan Agege da Idi-Araba da Mile 12, suna dogaro da irin waɗannan gidaje. Wahalar kare yara a cikinsu lokacin annoba ta samo asali ne daga shekarun yaran, domin yaro ɗan shekara biyu ba ya gane tazara, kuma duk abin da hannunsa ya ɗauka bakinsa yake kaiwa. Saboda haka nauyin kariyar yana kan manya da kuma tsarin gidan.

An tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Najeriya a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, kuma gwamnatin jihar ta rufe makarantu daga 23 ga Maris, mako guda kafin dokar kullen gwamnatin tarayya ta fara aiki. Da aka fara buɗe makarantun firamare da sakandare a watan Satumba, an bar gidajen raino da azuzuwan share fage a rufe har zuwa Oktoba. Garin ba baƙo ba ne ga irin wannan shiri, domin tun lokacin Ebola a 2014 aka saba ganin na'urar gwada zafin jiki da bokiti mai famfo a ƙofar makarantu.

Takunkumin fuska ba shi da gurbi ga yaran gidan raino. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ba da shawara a watan Agustan 2020 cewa kada a tilasta shi ga yara 'yan shekara biyar zuwa ƙasa, ga jariri kuwa yana iya toshe numfashi. Masu raino ne ke sanya shi.

Wani muhimmin mataki shi ne raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni da mai rainonsa da ɗakinsa da kayan wasansa, ba tare da cuɗanya ba, ta yadda idan ɗaya ya kamu za a san waɗanda ya yi mu'amala da su. Wannan yana da wuya a gidan da ɗaki ɗaya ne kacal, kamar yadda yake a unguwanni masu cunkoso, inda abin da ya rage shi ne a buɗe tagogi, a fitar da yara tsakar gida, a kuma shimfiɗa katifun barcin rana kai da ƙafa, wato kan wannan yana daidai ƙafar wancan.

A bakin ƙofa ake karɓar yaro, a gwada zafin jikinsa, idan ya kai digiri 38 ko yana tari ko gudawa a mayar da shi gida. Nan ne aka fi samun saɓani, domin uwar da cinikin yau ne abincinta na yau takan ba yaro farasitamol kafin su fito, zazzaɓin ya kwanta, ya kuma dawo da azahar bayan yaron ya gama cuɗanya da sauran.

Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20, bayan sauya kunzugu da share majina da kuma kafin ba da abinci, ya fi sinadarin shafawa dacewa da yara, saboda sinadarin na iya cutar da yaron da ya sha shi. Inda famfo ba ya kawo ruwa, kuɗin 'yan garuwa yakan shiga cikin lissafin gidan. Ana goge ƙofofi da tebura da ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.1 cikin 100, a janye 'yartsanar auduga da ba ta wankuwa, kuma kowane yaro da kofinsa da cokalinsa.

Korona ta fi zuwa wa yara da sauƙi, haɗarin ya fi karkata ga masu raino da kakannin da yaran ke komawa wurinsu. Sai dai kullen ya sa wasu yara sun rasa allurar rigakafin ƙyanda da sauransu, shi ya sa duba katin rigakafi kafin a sake karɓar yaro yake da muhimmanci.