Waiwaye: Gardamar Mutum 23 Ba Yau Ta Fara Ba

Duk bayan 'yan watanni sai wani ya sake tono ta. Ya ce idan mutum 23 suka taru a ɗaki ɗaya, samun biyu a cikinsu da suka haɗa ranar haihuwa ya fi rashin samu kusa. Kafin ka ce kwabo an yi masa ca. Wannan ya ce ƙarya ce tsagwaronta, kwana 365 ne a shekara, ina 23 ina 365? Wancan ya ce su arba'in ne a ajinsu, amma bai taɓa samun wanda suka haɗa rana ba. Mai ɗan sanin lissafi kuma ya raba 365 gida biyu, ya ce sai an kai mutum 183. A haka za a watse, kowa na ganin shi ya yi nasara.

Lokacin gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil maganar ta yi zafi, don a lokacin kowace ƙasa 'yan wasa 23 take kaiwa. Da aka duba ƙasashe 32 ɗin, sai aka tarar 16 daga ciki suna da 'yan wasan da suka haɗa ranar haihuwa. Rabi cif. Wasu suka ɗauke shi abin al'ajabi, wasu suka ce dace ne kawai. Kaɗan ne suka tsaya tambayar inda maganar ta samo asali.

Tushenta sananne ne, ba sai an ja ba. A 1654 wani ɗan caca a Faransa, Chevalier de Méré, ya kai wa masanin lissafi Blaise Pascal tambayoyi kan jefa ɗan ludo da yadda za a raba kuɗin wasan da bai ƙare ba. Pascal ya yi ta musayar wasiƙu da Pierre de Fermat, daga nan ilimin lissafin yiwuwa ya kafu. Ita tambayar ranar haihuwa sai a ƙarni na 20 ta bayyana. Ana danganta ta ga Harold Davenport, ɗan Ingila, wajen 1927, sai dai bai wallafa ta ba. Richard von Mises, wanda ya bar Berlin a 1933 ya koma koyarwa a Jami'ar Istanbul, shi ya buga rubutu a kanta a 1939. Daga nan ta shige littattafan makaranta da shafukan wasa ƙwaƙwalwa, ta zauna can shekara arba'in a matsayin abin ba yara mamaki.

Lissafin kansa ba shi da wuya, ta bayan gida ake shigarsa. Maimakon a tambayi yiwuwar a haɗa rana, sai a tambayi yiwuwar kada kowa ya haɗa. Mutum na farko ya shigo da ranarsa. Na biyu yana da kwana 364 cikin 365 da zai kauce masa. Na uku 363, na huɗu 362, har a kai na 23 mai 343. Idan aka ninka 364 bisa 365 da 363 bisa 365, haka har zuwa 343 bisa 365, abin da ke fitowa kashi 49.3 ne cikin ɗari. Ragowar kashi 50.7 shi ne yiwuwar a samu waɗanda suka haɗa. Da mutum 30 ya haura kashi 70, da 57 ya kai kashi 99, da 70 kuwa kashi 99.9.

To me ya sa zuciya ke ƙin yarda? A ganina, saboda duk wanda ya ji tambayar, kansa yake sakawa a tsakiyar ɗakin. Abin da kunnensa ya ji shi ne: wa zai haɗa rana da ni? Wannan wata tambaya ce daban, kuma amsarta mutum 253 ce kafin a haura rabi. Mutumin nan da ya ce shi bai taɓa samun abokin rana a ajinsu ba gaskiya ya faɗa, amma ba shi aka tambaya ba. Ba a ce sai da kai ba, an ce wani da wani. Idan mutum 23 suka tashi gaisawa, kowa ya ba kowa hannu sau ɗaya, musabaha 253 za a yi, kuma kowace musabaha dama ce ta a dace. Mutane na ƙaruwa ɗaya bayan ɗaya, gaisuwar kuwa tashi take yi kamar farashi.

Amma akwai shekarar da masu gardamar ba sa ambata, kuma ita ce ta fitar da maganar daga aji ta kai ta inda ake asarar dukiya. Shekarar 1979 ce.

A wancan lokacin masana na ƙoƙarin ƙirƙiro yadda mutum zai sa hannu a takarda ta kwamfuta. Takarda na iya yin tsawo, don haka sai aka yi dabara: a matse ta da lissafi ta koma gajeriyar lamba, kamar zanen yatsanta, sannan a sa hannu a kan lambar. Lambar da ake tunani a lokacin mai tsawon bit 64 ce, wato gurbi 64 da kowane ke ɗauke da sifili ko ɗaya, don haka tana iya ɗaukar siffa kusan 18 da sifili goma sha takwas a bayanta. Tunanin da aka yi shi ne: duk wanda ke son ƙirƙiro takardar bogi mai zanen yatsa irin na takardarka, sai ya yi gwaji adadin da ba zai gama ba har ya tsufa. Ka lura da tambayar. Ita ce dai ta ɗazu, wa zai haɗa rana da ni, ta sake riga.

Sai wani masani mai suna Gideon Yuval ya buga ɗan gajeren rubutu a mujallar Cryptologia, ya nuna cewa mazambaci ba ya buƙatar dacewa da wata takarda guda da aka riga aka ajiye. Shi zai rubuta takardun biyu da hannunsa. Ɗaya mai kyau, wadda za ka karanta ka ji daɗin sa hannu. Ɗaya kuma ta cuta, wadda ke cewa, alal misali, ka sallama masa gidanka. A kowace takarda zai nemi gurbi 32 da za a iya sauyawa ma'ana ba ta taɓu ba. Nan ya rubuta "amma" ko "sai dai". Can ya sa waƙafi ko ya bari. Ƙarshen layi ya ƙara ɗan fili wanda ido ba ya gani, ko kada ya ƙara. Gurbi 32, kowane da zaɓi biyu, na haifar da siffofi fiye da biliyan huɗu na takarda guda. Biliyan huɗu masu kyau a dama, biliyan huɗu na cuta a hagu. Yanzu a bar su su gaisa. Yawan musabahar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ya kai yawan duk lambobin da za su iya fitowa, don haka yiwuwar a samu guda daga dama da guda daga hagu masu zanen yatsa ɗaya ta wuce rabi. Ya miƙo maka mai kyau, ka karanta, ka sa hannu. Ya ɗauke sa hannun ya liƙa wa ta cuta, kwamfuta ta duba ta ce daidai ne.

Aikin da aka zata sai an yi gwaji mai sifili goma sha takwas ya dawo 'yan biliyoyi. Ƙa'idar da ta fito daga nan ita ce har yau ake bi: ƙarfin irin wannan lamba a gaban mai neman karo, wato takardu biyu masu lamba ɗaya, rabin tsawonta ne. Mai bit 64 kariyar 32 take bayarwa. Shi ya sa aka yi ta tsawaita su, aka kai 128, aka kai 160 a hanyar matse takarda mai suna SHA-1, aka kai 256 a SHA-256 da ake amfani da ita yanzu a mu'amalar intanet. Harin ma sunan ranar haihuwa aka laƙaba masa.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, von Mises ya buga nasa shekara arba'in kafin nan, kuma masu tsara waɗannan hanyoyi ba baƙin lissafi ba ne. Amsar 23 kuma tana nan cikin littattafan makaranta. Sai dai an koyar da ita a matsayin amsa, kamar kacici-kacicin da ake haddacewa, ba a matsayin ɗabi'ar ƙirga haɗuwa biyu-biyu a duk inda abubuwa suka taru ba. Wanda ya haddace 23 ba zai gane ta ba idan ta zo masa babu maganar kwanan wata.

Masu cewa ai haihuwa ba ta rarrabu daidai a shekara ba, wasu watanni sun fi wasu, sun faɗi gaskiya. Amma wannan ƙara yiwuwar haɗuwa yake yi, ba ragewa ba, domin cunkoso a wasu ranaku ƙara karo yake jawowa. Ranar 29 ga Fabrairu kuma ba ta motsa amsar daga 23.

Ko bayan Yuval ba a gama tuntuɓe da wannan dutse ba. A 2016 wasu masu bincike biyu a Faransa, Karthikeyan Bhargavan da Gaëtan Leurent, sun nuna cewa tsofaffin hanyoyin ɓoye saƙo masu yanka bayanai gunduwa-gunduwa ta bit 64 suna fara maimaita kansu da zarar an tura kimanin gigabayit 32 da mabuɗi ɗaya. Da suka tara kusan gigabayit 785 na zirga-zirgar saƙonni, sai suka zaro lambar sirrin da ke riƙe mutum a cikin shafin da ya shiga. Shekara 37 ke nan bayan rubutun 1979.