Me ake nufi da "parish rule" a wasan hurling na Ayilan?

Hurling wasan ƙwallon gora ne na mutanen Ayilan. Kowane ɓangare 'yan wasa 15 ne, kowa riƙe da sanda mai faffaɗan baki, suna bugun 'yar ƙwallo mai nauyin giram 110 zuwa 120, wadda cikinta ɓawon itace ne aka lulluɓe da fata. Idan ƙwallon ta shiga raga maki uku ne, idan ta wuce ta saman sandar raga tsakanin dogayen turaku maki ɗaya. Shi ya sa ake rubuta sakamako kamar 1-22, wato ƙwallo ɗaya a raga da maki 22, jimla 25.

Kalmar da ta fi yawo a bakin masu bin wasan a karkara ita ce parish rule. Parish yanki ne da ke ƙarƙashin limamin cocin Katolika guda, ƙauye biyu ko uku da gonakinsu, kusan kamar gundumar dagaci. Dokar ta ce yaro zai buga wa kulob ɗin yankin da aka haife shi ko yake zaune. Ba a sayen ɗan wasa, ba a sayar da shi, ba a biyansa albashi. Ƙungiyar GAA mai kula da wasan, wadda aka kafa a garin Thurles ranar 1 ga Nuwamba 1884, har yau ta 'yan sa-kai ce. Kowace gunduma, wato county, babban yanki mai parish da yawa a cikinsa, ita ke tsara yadda za ta yi amfani da dokar, kuma a babban birni irin Dublin ba a binta yadda ake bi a ƙauye.

Sauya kulob yana yiwuwa, amma da wuya. Ɗan wasa zai rubuta takarda zuwa kwamitin gunduma, ya nuna cewa ya koma wani wuri da zama na dindindin, tsohon kulob ɗinsa kuma yana da damar ƙin yarda. Kulob ɗin da ya sa ɗan wasan da bai cancanta ba yana iya rasa wasan da ya ci a fili, a kuma dakatar da ɗan wasan. Rigima takan tashi ne a kan gidajen bakin iyaka, inda gida ke yanki ɗaya amma makarantar yaro da abokansa suna ɗayan.

Tarihin Ballyhale Shamrocks, a kudancin gundumar Kilkenny, ya nuna abin da dokar ke haifarwa. Kafin 1972 yankin a rarrabe yake, Ballyhale da Knocktopher da Knockmoylan, kowa na ja nasa, babu mai isassun 'yan wasa. A shekarar suka haɗe suka zama kulob ɗaya mai riga kore da fari. Gasar gunduma hawa uku ce, kuma sai ka ci na ƙasa kake hawa na sama. Shamrocks sun haye cikin 'yan shekaru, suka ci babban kofin Kilkenny a 1978, sannan kofin kulob-kulob na ƙasa baki ɗaya a 1981, 1984 da 1990. Ƙashin bayan wannan tawaga gida ɗaya ne, 'yan'uwa bakwai na gidan Fennelly.

Nan raunin dokar yake. Da wannan zuriya ta tsufa, babu kasuwar da za a je a sayo madadinta. Kulob ɗin ya faɗo hawa na biyu a shekarun 1990, ya koma sama a 1997, kuma daga 1991 bai sake ɗaga kofin gunduma ba sai 2006. Shekara goma sha biyar ke nan ana jiran yaran firamare su girma. Cikin waɗanda suka girma akwai Henry Shefflin, wanda ya ci kofin ƙasa sau goma da tawagar Kilkenny, da T.J. Reid, da 'ya'yan gidan Fennelly na biyu, Michael da Colin. Kofin kulob-kulob na ƙasa ya dawo wa Shamrocks a 2007, 2010 da 2015. Shefflin ya koma mai horarwa ya ƙara biyu, 2019 da 2020. A 2022 Ballygunner ta Waterford ta ƙwace musu kofi da ƙwallon daƙiƙar ƙarshe, a 2023 Shamrocks suka doke Dunloy 1-22 da 1-15 a filin Croke Park. Kofi tara ke nan, babu kulob ɗin da ya kai haka.

Masu sukar dokar suna da hujja. Ƙauyukan yammacin ƙasar suna rasa matasa, wasu sun tafi Dublin, wasu Ostireliya, har kulob ya kasa haɗa yara 15 na shekaru ɗaya. Mafita ita ce a haɗa yankuna biyu a matakin yara, ko a rage yawan 'yan wasa zuwa 13, abin da tsofaffi ke karɓa da ƙyar, domin maƙwabcin da za a haɗu da shi sau da yawa shi ne abokin hamayyar kaka da kakanni. A gefe guda kuma unguwannin bayan birni sun cika da yara har fili ya yi kaɗan.

Ko sandar ma ta zama abin damuwa. Daga gindin itacen ash ake sassaƙa ta, inda jijiyar itacen ta lanƙwasa, domin wannan lanƙwasar ce ke hana bakin sandar tsagewa. Wata cuta mai busar da itacen ta shiga Ayilan a 2012, kuma tun kafin nan yawancin katakon daga waje ake shigo da shi. Yanzu wasu masassaƙa sun koma yin sandar da gora.