Waiwaye: Masu Sharhi da Ɗokin Fim ɗin Soyayya a Indiya

A Indiya Juma'a ce ranar fitar sabon fim. Kafin 'yan kallon safe su fito daga silima, wayoyi sun riga sun cika da taurari: wannan ya ba fim uku, wancan huɗu da rabi, wani ya ce asarar kuɗi ce. Mai son fim ɗin soyayya da ya yi wata guda yana rera waƙarsa sai ya tsaya yana wasi-wasi, ya je ne ko ya fasa. Wannan yanayi bai daɗe ba. Shekaru da yawa mai sharhi yana magana ne bayan an gama cinikin.

A 1935 Baburao Patel ya kafa mujallar Filmindia a Bombay, kuma furodusoshi sun ji tsoron alƙalaminsa, don ba ya raga wa kowa. Sai dai mujallar wata-wata take fitowa, da Turanci, alhali yawancin masu cika kujerun silima ba Turanci suke karantawa ba. Screen ta biyo baya a 1951, Filmfare a 1952. Amma abin da ya fi kunna wutar ɗoki a waɗancan shekarun rediyo ne. A lokacin da gidan rediyon gwamnatin Indiya ya taƙaita sa waƙoƙin fim, Rediyon Ceylon ya fara shirin Binaca Geetmala a 1952, inda Ameen Sayani ke jero waƙoƙin da suka fi tashe duk mako. Fim ɗin soyayya ta kunne yake shiga zuciyar mutane tun kafin ido ya gan shi. Mu ma mun san haka: tsofaffin 'yan kallon Indiya a silimomin Kano ba su taɓa jiran jaridar Bombay ba, waƙa ce da bakin aboki ke kai su layin tikiti.

Fina-finai biyu na farkon shekarun 1990 sun nuna iyakar ƙarfin mai sharhi. A 1991 Yash Chopra ya saki Lamhe, inda Sridevi ta fito a matsayin uwa da kuma 'yarta. Labarin mutum ne da ya so wata mata bai same ta ba, bayan rasuwarta 'yarta da ta ɗauko kamanninta ta taso ta kamu da sonsa. Masu sharhi sun yaba, fim ɗin ya ci kambun Filmfare na gwarzon fim, amma 'yan kallo a Indiya suka juya masa baya. Abin ya yi musu nauyi, kamar uba ne ke neman 'yar da ya raina. Yabo a takarda bai iya wanke wannan ƙyanƙyami ba.

Bayan shekara uku aka ga akasin haka. Hum Aapke Hain Koun na Sooraj Barjatya ya fito a 1994 da waƙoƙi 14, babu mugu, babu faɗa, aka riƙa yi masa shaguɓe cewa bidiyon biki ne kawai. Kamfanin Rajshri ya sake shi a silimomi kaɗan da farko, ya bar labari ya yi tafiya da ƙafarsa. Uwa ta gaya wa ƙanwarta, amarya ta ja dangin miji, gida guda ya koma kallo sau uku sau huɗu, har ya zama fim ɗin da ya fi kowane tara kuɗi a Indiya a zamaninsa. A ganina masu sharhin ba ƙarya suka yi ba, bikin ne. Abin da ya kuɓuce musu shi ne cewa bikin mutane ke so.

Sauyi ya zo da manyan silimomi masu ɗakunan kallo da yawa, waɗanda na farkonsu ya buɗe a Delhi a 1997. Tikiti ya yi tsada, fim ya koma fita a dubban allo rana ɗaya, kwana uku na farko suka zama masu yanke hukunci. Wanda zai kashe kuɗin da ya kai na cefanen kwanaki don kai budurwarsa kallo dole ya tambaya tukuna. Nan taurari biyar suka samu kasuwa, kuma nan matsala ta fara. Aka cakuɗa mai sharhi na gaskiya da mai hasashen ciniki, irin su Taran Adarsh da ke taƙaita hukuncinsa a kalma ɗaya a shafin X (tsohon Twitter). Kamfanoni suka riƙa nuna fim ga zaɓaɓɓu kafin Juma'a, a kwashi taurarin a manna a fasta. Zargin sayen yabo ya yi yawa har mai karatu ya daina bambance wanda ya kalla da wanda aka biya. A 2018 wasu masu sharhi suka kafa ƙungiyar Film Critics Guild ƙarƙashin Anupama Chopra don kare mutuncin aikin, a 2024 kuma kamfanin Dharma na Karan Johar ya sanar da daina nuna wa 'yan jarida fim kafin ranar fitarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙananan fina-finai, waɗanda ba su da jarumi mai suna, sai bakin mai sharhi. Laila Majnu na 2018 ya samu yabo mai kyau, amma ya fito ya ɓace ba a ankara ba. Sai da matasa suka gano shi a intanet, aka sake sakinsa a 2024, ya tara fiye da abin da ya samu a karon farko. Shekara shida kenan tsakanin maganar mai sharhi da amsar jama'a.

Kabir Singh na 2019 kuwa sukar da aka yi masa ce ta yi masa talla. Masu sharhi da dama sun ce fim ɗin na ƙawata namijin da ke marin budurwa da sunan so, kuma sun yi gaskiya. Duk da haka ya tara sama da rupi biliyan 2.7 a Indiya. Tikiti bai ragu ba, amma muhawarar da suka tayar ta bi fim ɗin gida-gida, mata da yawa suka samu kalmomin faɗin abin da ya daɗe yana ci musu tuwo a ƙwarya.

A Yulin 2025 Yash Raj Films ya saki Saiyaara na Mohit Suri da sababbin fuskoki biyu, Ahaan Panday da Aneet Padda. Ba a bar su yin hira da 'yan jarida kafin fitarsa ba, waƙoƙin aka saki suka yi aikin. Sharhi ya zo gauraye, wasu sun yaba wasu sun ce tsohon zance ne. Abin da ya zagaya wayoyi shi ne gajerun bidiyon samari da 'yan mata suna kuka a cikin silima, kuma fim ɗin ya haura rupi biliyan 5 a faɗin duniya.