Garin Neman Gira: Kuskuren Masu Ƙoƙarin Gyara

Wai da gaske mutum zai iya yin kuskure saboda tsoron kuskure?

Sosai ma. An taɓa yi masa gyara a wuri ɗaya, abin ya tsaya masa a rai, sai ya ɗauki dokar ya dinga liƙa ta ko'ina har inda ba ta da hurumi. Rashin sani daban, wannan zaƙewa ce.

Kamar yaya kenan?

Ɗauki haruffa masu lanƙwasa. An ce masa ƙasa ake rubutawa ba kasa ba, shikenan daga ranar duk k ɗin da ya gani sai ya lanƙwasa ta, ka ga ƙasuwa, ka ga ƙuɗi, wani ma ya rubuta yana ciwon baƙi alhali baki yake nufi. Haka raba kalma, malam ya ce ya zo ake rubutawa ba yazo ba, to sai ɗalibi ya bi kalmar yana da kalmar suna ya datse su, ya na, su na, waɗanda kuma a haɗe suke. Mai koyon Hausa kuwa an gaya masa kalmar da ta ƙare da harafin a yawanci mace ce, sai ka ji gidar da ruwar, bai san gida da ruwa maza ba ne.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na Larabci, Khabiru da Khamal, wai don sunan ya yi kama da Khadija, bayan kuwa da harafin kaf suke farawa ba kha ba.

Su wa abin ya fi kamawa?

Ba wanda bai yi makaranta ba, shi maganarsa yake yi hankali kwance, ba kuma gwani ba. Na tsakiya ne, mai son a ce ya iya. Masanin harshe William Labov ya nuna haka a binciken da ya fitar a 1966 kan Turancin New York a Amurka: in aka ba masu matsakaicin hali jerin kalmomi su karanta a tsanake, sai su fi waɗanda ke sama da su furta r, lafazin da ake ganin na manya ne.

To ya zan gane na zaƙe?

Faɗi kalmar da baki yadda ka saba tun kana yaro. In maƙogwaronka bai matse ba wajen cewa kasuwa, to bar k ɗin nan yadda take.